Cin zali a tsakanin kajin gida

Cin zali a tsakanin kaji hali ne da wata kaza ko zakara ke yawan saran 'yan'uwanta da baki, tana fizge musu gashi, tana korarsu daga wajen abinci da ruwa. Ya bambanta da ɗan faɗan da kaji ke yi don tantance babba da ƙarami, tsarin da masanin dabbobi ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana a 1921. Wannan faɗan yakan lafa da kansa, shi kuwa cin zali yakan kai ga rauni, rama, raguwar ƙwai, har ma da mutuwa.

Dalilai

Manyan dalilansa su ne cunkoso a akurki, ƙarancin mazubin abinci da ruwa, tsananin zafi, haske mai yawa, ƙarancin furotin a abinci, da shigo da baƙin kaji kai tsaye. Yawan zakaru ma na jawo faɗa, shi ya sa masu kiwo kan bar zakara ɗaya ga kaji kamar 10.

Magancewa

Ana fara ware kazar da ta ji rauni har ta warke, domin ganin jini na ƙara tunzura sauran. Mai cin zalin kuma a killace ta na 'yan kwanaki. Baƙin kaji ana ajiye su a bayan raga na mako 1 zuwa 2, suna ganin juna kafin a haɗa su. Ƙara mazubai a wurare daban-daban, samar da inuwa, da watsa tsaba ko rataya ganye na rage rikicin.