Maraɗi, 1983: addu'ar bakin hanya da kututturan da ba su mutu ba

Yau za mu koma baya kaɗan, mu taɓo tarihin itatuwan da muke gani cikin gonakinmu.

Tsofaffinmu sun san yadda karkarar Maraɗi ta koma bayan farin 1973. An sassabe gonaki ƙarƙaf, iska na binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu, sau uku. Mata kuwa sai kara da kashin shanu suke hura wuta da su.

Cikin wannan hali ne wani saurayi ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya iso da matarsa a farkon shekarun 1980, ƙarƙashin mishan ɗin SIM, waɗanda suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Aikinsa dashen icce. Ya yi ta raino yana rabawa, mafi yawa suna mutuwa: rana ta ƙone, awaki su cinye, gara ta ida sauran. Mutane ma ba su damu ba, don mai yunwa ba ya zancen inuwar shekara goma.

Shi da bakinsa ya sha ba da labarin wata rana a 1983. Ya tsaya bakin hanya yana rage iskar tayoyin mota don ya ƙetare rairayi, ya dubi fili fetal ta kowane gefe, zuciyarsa ta karye. Sai ya yi addu'a irin ta Kirista: ya nemi gafara a kan yadda ɗan Adam ya ɓata halittar Allah, ya roƙi a buɗe masa ido. Da ya ɗaga kai sai ya hangi wani ɗan tsiro da ya saba wucewa. Ya matsa, ya dubi ganyen, ashe icce ne da aka sare yake tohowa, saiwarsa na nan da rai. Irinsa kuma ba iyaka: sabara, kalgo, magarya, gawo.

A Littafi Mai Tsarki, cikin littafin Ayuba sura 14, Ayuba yana tsakiyar jarrabawa ya kawo misalin icce: ko an sare shi bai rabu da sa zuciya ba, da ya ji ƙanshin ruwa sai ya sake toho. Kiristocinmu na karanta wannan wuri lokacin ƙunci. A Maraɗi abin ya fito fili, ana taɓa shi da hannu.

Dabarar ba ta cin ko dala. A zaɓi rassa masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a kare su daga wuta da dabbobi. Amma fa an yi masa dariya, har da kiransa mahaukacin Bature, tunda a lokacin gona mai tsabta ita ce ta manomin kirki. Ga kuma tsoron ma'aikatan gandun daji: icce na gwamnati ne, wa zai rena abin da za a ci shi tara a kansa?

Yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, ita ta buɗe ƙofa. Aka raba cimaka bisa sharaɗin a bar itatuwa a gona. Da rabo ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari sai suka ga itacen girki, ga abincin dabbobi, hatsi kuma bai ragu ba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya.

A ganinmu nan ne tarihin ya fi daɗi, don manoma ne, akasarinsu Musulmi, suka ɗauki abin daga gari zuwa gari har Zinder da Tawa. Bayan shekara ashirin, hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999, ya kai dabarar Habasha da wasu ƙasashe. A 2018 aka ba shi kyautar Right Livelihood, shekara guda da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.