Tarihin Risho Mai Famfo, da Yadda Ake Gane Shekarunsa

Abin da na ɗauko muku a wannan fitowa ƙaramin abu ne ga ido, watau tsohon rishon nan na tagulla mai famfo, mai ƙafa uku, wanda in an kunna shi yake ruri har maƙwabta su san an ɗora shayi. Na san wani zai ce malamin Arabiyya ya rasa abin rubutawa. To, a yi mini haƙuri a ji dalili tukuna.

Kwanakin baya na raka kawuna Dubai, shi yana sarin kaya, ni ina yi masa tafinta. Masaukinmu yana Al Buteen, wata tsohuwar unguwa ta Deira a bakin mashigin teku da suke kira Khor, inda ƙananan jirage da ake ce wa abra suke ƙetarar da mutane. Ran nan ina yawo cikin lungunan kasuwa sai na hangi risho a wani kanti na tsofaffin kaya, sak irin wanda kakan babana ya bari a gidanmu. Mai kanti ya ga na ƙura masa ido, sai ya ce ai wannan ya shekara ɗari biyu, kuɗinsa kuwa kaza. Na roƙe shi izini, na kifa shi, na goge gindin tankin da hannun riga, sai ga haruffa biyu na boko an buga: AA. Na ce masa, "Ya shaikh, wannan na 1936 ne. Shekara ɗari biyu da suka wuce ko kakan wanda ya ƙago shi bai yi aure ba." Ya yi dariya, ya rage kuɗi, ni kuwa ban saya ba, gama ina da nawa a gida.

Asalin abin daga ƙasar Suwidin yake. A 1892 wani makaniki a birnin Stockholm, Frans Wilhelm Lindqvist, ya dubi fitilar nan mai feshin wuta da maƙera suke narka dalma da ita, ya juyar da bakinta sama, ya yi mata ƙafafun ɗora tukunya. Ya haɗa kai da J. V. Svenson suka kafa masana'anta, kamfanin B. A. Hjorth ya ɗauki sayarwa, aka raɗa masa suna Primus, wanda da Latin ke nufin na fari. Hikimarsa ita ce ba shi da lagwani. Ka zuba kananzir a tanki, ka zuba sifirit kaɗan a wani ɗan kasko da ke ƙarƙashin kan, ka kunna don kan ya yi zafi. Sa'an nan ka buga famfo, iska ta tunkuɗo kananzir sama, zafi ya mai da shi tururi, ya fito ta wata kafa ƙanƙanuwa kamar ta allura, ya gauraya da iska, ya kama da wuta shuɗiya wadda ba ta baƙanta tukunya. In za ka kashe, ka murɗa ɗan makullin iska, ya yi tsaki ya mutu. Wanda ya yi garaje ya buga famfo kafin kan ya yi zafi, shi ne wuta ja takan tashi masa har ta lashi gira. Tsofaffin masu shayi sun san wannan karatu.

Masu tafiya ƙasashen ƙanƙara su suka fara ɗaukaka sunansa. Nansen ya tafi da shi wajen ƙuryar arewa ta duniya, Amundsen ya kai shi ƙuryar kudu a 1911, Hillary da Tenzing suka hau Everest da shi a 1953. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Andrée, wanda ya tashi cikin balan-balan a 1897 shi da mutum biyu, suka halaka. Sai a 1930 aka tsinci gawarwakinsu a tsibirin Kvitøya, ga rishonsu a gefe da sauran kananzir ciki. Aka gwada shi bayan shekara 33, ya kama.

Amma kasuwarsa ta gaskiya tana wurin talakawan ƙasashe masu zafi. Dubai ɗin nan da samari suke gani cikin waya, ba a fara raba wutar lantarki a cikinta ba sai 1961, man fetur kuwa sai 1966 aka samo shi. Kafin nan gari ne na masu nitson lu'ulu'u da fatake, kuɗinsu rufi na Indiya, yawancin hajarsu daga Bombay take zuwa, girkinsu da itace da gawayi. A irin wannan wuri, da cikin jirgin katako a tsakiyar teku, tukunyar da za ta tafasa ba hayaƙi babbar ni'ima ce. Mutanen wannan gaɓa suna kiran risho chula, kalmar da suka aro daga Indiya. Misirawa suna cewa wabur, waɗansu Larabawa babur, sunan da mu muka san shi ga abin hawa. Mu kuwa risho muka karɓa daga bakin Faransawa. Masu ƙera shi sun san inda cinikinsu yake, shi ya sa a kan tankuna da yawa za ka ga an zana sunan da rubutun Larabci kusa da na boko da na Rashawa. Kada wannan ya ruɗe ka ka ce a Makka aka ƙera shi.

Yanzu ga yadda ake karanta shi. Tun daga 1911, wadda ta yi daidai da 1329 ta Hijira, Primus suka soma buga harafin shekara, galibi a gindin tanki. A ita ce 1911. B ita ce 1912, shekarar da aka buɗe makarantar Ahmadiyya ta Shaikh Ahmad bin Dalmuk a Al Ras, maƙwabciyar Al Buteen. Haka ake bi har Z, sai dai an tsallake Q, nan ne masu lissafi da yatsu suke yin tuntuɓe: P ita ce 1926, R ita ce 1927, Z ta faɗa 1935. Daga nan aka koma bibbiyu, AA 1936, AB 1937, AC 1938.

In babu harafi fa? Kada ka yi saurin murna. Yana yiwuwa ya girmi 1911, yana yiwuwa kuma na wani kamfani ne, ko kwaikwayo ne, gama an yi irinsa a Ingila da Fotugal da Indiya da Sin. Sai ka koma ga suna. Optimus ba a kafa shi ba sai 1899, Radius sai 1913. In ka ga an rubuta Bahco, to bai girmi 1954 ba, domin a shekarar ne kamfanin Hjorth ya ɗauki wannan suna. A 1962 kuma yin risho mai kananzir da sunan Primus ya koma hannun Optimus. Ɗan ƙaramin nan mai shan fetur, Svea 123, a 1955 ya fito. Lambar da ke saman tanki kuwa ta iri ce, ba ta shekara ba: lamba 1 shi ne mai ruri, lamba 5 mai shiru, wanda aka kifa wa kansa hula mai ƙananan huji. Na sha jin yara suna cewa lamba 5 wai 1905 ke nan. Ba haka ba ne.

Kan risho yana ƙonewa a sake shi, fatar famfo tana bushewa, ƙafa tana ɓallewa maƙeri ya lanƙaya wata. Saboda haka tanki shi ne matani, sauran duka hashiya ce ta waɗanda suka zo daga baya, ba a kafa hujja da su.

Abin da ya kai ni ga duk wannan bincike yana gidanmu. Mu mutanen zongo tarihinmu a baki yake, takardunmu kaɗan ne, gobara da gara sun ci rabinsu. A gidanmu ana cewa kakan babana ya tafi hajji ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, ya dawo da risho kafin girgizar ƙasar da ta auku a Ankara, babban birnin Gana, watau ta 1939. Na kifa nasa na ga AB, 1937. Shaidu biyu sun dace, na karɓi ruwayar. A wani gida kuma an ce nasu an zo da shi shekarar murar nan da ta kashe mutane a 1918, amma harafinsa U ne, 1930. Na faɗa wa mai gidan da ladabi cewa ko dai alhajin ya yi tafiya ta biyu, ko an haɗa labarin mutum biyu. Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya tuna da wani ƙanen kakansa da aka manta da shi.

A lura da iyakar wannan shaida. Harafi yana faɗin shekarar ƙira kurum. Risho yana iya shekara biyar a kanti a Jidda, ko ya bi hannu uku kafin ya zo naka. Abin da yake tabbatarwa shi ne ba a saye shi kafin wannan shekara ba.

Roƙona ga samari shi ne, kafin ku miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe abin da kuka tarar a ɗakin kaka, ku kifa shi, ku wanke gindin da ruwan tsamiya ko lemun tsami, ban da goga da yashi, gama yashi yana cinye rubutu. Ku kwafe suna da lamba da harafi, ku tambayi tsohuwar gidan wa ya kawo shi, daga ina, a zamanin wane sarkin zongo. Ku kawo wa magatakardan ƙungiya, ko ku same ni a makaranta bayan la'asar. Wanda ya tarar da sauran kananzir a ciki kada ya gwada kunnawa sai an sake fatar famfo an duba tankin ko ya tsage.