Koyar da Kasuwancin Intanet ga Ɗaliban Digiri na Biyu: Darasi Daga Kamfanonin da Suka Karye da Waɗanda Suka Tsira

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka fara koyar da kasuwancin intanet a makarantun koyon kasuwanci tun daga 1994, da yadda karyewar kamfanonin intanet tsakanin 2000 da 2002 ta sa malamai suka sake lale. An dogara ne da tarihin wasu kamfanoni na Amurka da Ingila da Sin da Nijeriya, da rubuce-rubucen masana a kansu. Nazarin ya gano cewa abubuwa biyu ne suka fi raba kamfanin da ya tsira da wanda ya durƙushe: kuɗin da ake kashewa kafin kaya su isa hannun mai saye, da yardar da ke tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Don haka maƙalar ta ba da shawarar a gina kwas ɗin a kan lissafin oda guda ɗaya, tun daga talla har zuwa shigar kuɗi asusu.

Fitilun Kalmomi: kasuwancin intanet, digirin MBA, manhajar karatu, yarda, kai kaya

1.0 Gabatarwa

Malamin da aka danƙa wa kwas ɗin kasuwancin intanet a ajin MBA, wato digiri na biyu a fannin kasuwanci, yana fama da wata matsala da takwaransa mai koyar da akanta bai san da ita ba. Ƙa'idar rubuta kowane ciniki a gida biyu tana nan yadda Luca Pacioli ya bayyana ta a littafinsa na 1494 a Italiya. Shi kuwa mai koyar da kasuwancin intanet, kafin littafin da ya zaɓa wa ɗalibansa ya gama shekara biyu, wasu kamfanonin da aka yaba a ciki sun rufe, wasu kuma sun sauya sana'a.

Ga kuma irin ɗaliban da ke gabansa: ma'aikacin banki, jami'in gwamnati, mai kula da sashen talla na kamfani, ɗan kasuwar da ya gaji shagon mahaifinsa. Kowannensu ya saba da saye da biya ta waya. Abin da ya kawo su aji shi ne neman iya yanke hukunci: a zuba jari a wannan harka ko a janye, a ɗauki 'yan aike ko a yi kwangila da kamfanin sufuri, a karɓi kuɗi kafin a tura kaya ko bayan sun isa. Tambayar wannan nazari ke nan: me za a koya musu wanda zai ci gaba da amfanar su bayan fasahar yau ta tsufa?

2.0 Dabarun Bincike

Binciken na ɗakin karatu ne. An kwatanta tarihin kamfanonin Pets.com da Webvan da Boo.com da Amazon da eBay da Taobao da Konga da Jumia, aka duba inda kowanne ya kashe kuɗinsa da inda ya sami cikas. Sannan aka auna wannan da abin da makarantun kasuwanci suka riƙa koyarwa a lokutan.

3.0 Shekarun Ɗoki, 1994 Zuwa 2000

Cikin waɗanda suka fara ɗaukar intanet a matsayin fagen nazarin kasuwanci akwai Donna Hoffman da Thomas Novak na Jami'ar Vanderbilt, waɗanda suka kafa cibiyar bincike mai suna Project 2000 a 1994, shekara guda kafin Amazon ya sayar da littafinsa na farko. Maƙalarsu ta 1996 a mujallar Journal of Marketing ta zama abin karantawa a azuzuwa da dama. A 1998 Carl Shapiro da Hal Varian suka fitar da littafin Information Rules, inda suka nuna cewa tsofaffin ƙa'idojin tattalin arziki suna nan suna aiki a kan sabuwar fasahar. A 1999 kuma Jami'ar Carnegie Mellon ta buɗe cikakken digiri na biyu a kasuwancin intanet, da haɗin gwiwar makarantarta ta kasuwanci da ta kimiyyar kwamfuta.

Daga nan sai rige-rige ya ɓarke. Makarantu suka yi ta buɗe kwasa-kwasai, ɗalibai suka yi ta cika su, wasu ma suka ajiye karatun don kafa nasu kamfanin. Ra'ayin da ya yi tashe a lokacin shi ne a yi girma da sauri, a mamaye kasuwa kafin wani ya shigo, riba ta biyo baya. Ana auna kamfani da yawan masu leƙa shafinsa, ana ɗaukar asara a matsayin kuɗin sayen gobe.

Ranar 10 ga Maris 2000 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nasdaq ya kai ƙololuwarsa ta wancan lokaci da maki 5,048. Zuwa Oktoban 2002 ya faɗo zuwa 1,114.

4.0 Abin da Karyewar ta Fito da Shi

Wanda ya zauna ya duba gawarwakin kamfanonin zai ga kusan cuta ɗaya ce ta kashe su. Pets.com yana sayar da abincin karnuka da kyanwoyi, kaya masu nauyi da ƙarancin riba, yana kuma rangwanta wa mai saye kuɗin aike. Kowane buhu da ya fita daga sito asara ya ƙara masa, saboda haka yawan ciniki ya zama yawan faɗuwa. Ya sayar da hannun jarinsa ga jama'a a Fabrairun 2000, ya rufe a Nuwamban shekarar.

Webvan, mai kai kayan cefane har gida, ya ƙulla kwangilar dala biliyan ɗaya da kamfanin gine-gine na Bechtel a 1999 don gina manyan rumbunan ajiya a birane 26, tun bai tabbatar da riba a birni ɗaya ba. Ya karye a Yulin 2001, ma'aikata wajen 2,000 suka rasa aiki. A Landan kuma Boo.com mai sayar da tufafi ya ƙona kimanin dala miliyan 135 cikin watanni 18. Ya gina shafi mai ƙyalƙyali da hotuna masu juyawa a zamanin da yawancin mutane ke shiga intanet ta layin tarho, sai shafin ya riƙa nauyin buɗewa har mai saye ya gaji ya fita. Ya rufe a Mayun 2000.

Amazon, da ya tsallake wannan guguwa, bai ga ribar shekara cikakkiya ba sai 2003, kuma ya kai ga hakan ne bayan ya rufe wasu wuraren aikinsa, ya sallami ma'aikata 1,300 a farkon 2001, ya duƙufa wajen gyara yadda ake tattara kaya da ɗaure su da fitar da su daga sito.

A Maris 2001 Michael Porter na Jami'ar Harvard ya wallafa maƙala a Harvard Business Review inda ya yi bayanin cewa intanet yakan sauƙaƙa wa sababbin 'yan takara shigowa, ya ba mai saye damar kwatanta farashi, don haka sau da yawa rage ribar masana'anta yake yi. Bayan karyewar, makarantu da dama suka rufe shirye-shiryensu na musamman, suka raba darussan cikin kwasa-kwasan talla da sarrafa kaya da dabarun kamfani. Wannan gyara ne mai ma'ana, amma ya zo da nasa giɓin: ɗalibi yakan koyi tallan intanet a wani aji, sufuri a wani, bai taɓa ganin an haɗa su a takarda ɗaya ba, alhali a wurin haɗuwar ne jari ke zurarewa.

5.0 Yarda Tsakanin Baƙi

Darasi na biyu ya fito ne daga ƙasar Sin. A 2003 eBay ya kammala sayen EachNet, dandalin da ke kan gaba a ƙasar, ya riƙa karɓar kuɗi daga duk wanda zai kasa kaya. A shekarar ne Alibaba ya buɗe Taobao. Bai karɓi kuɗin kasa kaya ba, ya ba mai saye da mai sayarwa hanyar tattaunawa kai-tsaye don su yi tayi da ciniki, sannan ya kawo Alipay, wanda ke riƙe kuɗin mai saye har sai ya tabbatar kaya sun iso shi lafiya. A ƙarshen 2006 eBay ya sanar da rufe shafinsa na Sin.

Ɗalibi Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo na Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya dogara da maigida, wanda ke saukar da falke, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalai, ya kuma tsaya masa idan an ba da kaya bashi. Aikin da Alipay ya yi da na'ura shi ne aikin da maigida ya yi da sunansa da mutuncinsa. Malamin da ya ɗora darasin dandalin intanet a kan wannan tarihi ya sama wa ɗalibansa matakalar da za su hau su fahimci kowane sabon dandali, ko yaya sunansa.

Nijeriya ta biya nata kuɗin makarantar. Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, sun jawo masu saye da tsarin biya idan kaya sun iso, domin mutane ba su yarda su tura kuɗi ga wanda ba su gani ba. Tsarin ya kawo ciniki, ya kuma ɗora duk haɗarin a wuyan kamfani: ɗan aike ya sha rana ya gano gida, mai oda ya ce ya fasa, ko ya kashe waya. Konga ya dakatar da tsarin a ƙarshen 2017, kamfanin Zinox ya saye shi a 2018. Jumia ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a Afrilun 2019, ya fice daga Kamaru da Tanzaniya kafin shekarar ta ƙare, ya rufe sashen kai abinci a Disambar 2023, ya ƙara ba da ƙarfi ga wuraren da mai saye zai je ya karɓi kayansa da kansa.

A gefe guda kuma akwai cinikin da ba ya cikin littattafai. Mai atamfa a Kantin Kwari ya ɗora hoto a WhatsApp, wata mata a Maiduguri ta zaɓa, ta yi taransifa, ya ga alat, ya aiki yaro tasha ya ba direba, ya tura mata lambar direban. Babu sito, babu shafin kamfani. Sanayya da suna su ne jingina, direban mota shi ne kamfanin sufuri. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya ƙara tura irin wannan ciniki zuwa biya ta waya.

6.0 Tsarin Kwas da Nazarin Ya Nuna

Ginshiƙin farko shi ne lissafin oda ɗaya, kuma a makon farko ya kamata a fara shi. Ga misali na aji, wanda aka tsara alƙalumansa don koyarwa kawai. An sayo turmin atamfa ₦24,000, an sayar ₦30,000. Tallan da ya kawo mai sayen ya ci ₦1,500, leda da ɗauri ₦500, kuɗin mota ₦2,500. Saura ₦1,500 riba. Idan mai oda ya ƙi karɓa, an yi asarar talla da ɗauri da kuɗin mota zuwa da dawowa, ₦7,000 ke nan. In oda ɗaya cikin goma ta dawo, ribar tara ₦13,500 ce, a cire ₦7,000, saura ₦6,500. In biyu suka dawo, ribar takwas ₦12,000 ce, asara ₦14,000, an taɓa uwar kuɗi. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi da hannunsa ya fahimci Pets.com da Konga a zama ɗaya, kuma zai san tambayar da zai yi wa duk wanda ya kawo masa shawarar zuba jari.

Ginshiƙi na biyu shi ne nazarin labaran kamfanoni a aji, hanyar da makarantar kasuwanci ta Harvard ta ɗauka tun farkon shekarun 1920. Maƙalar na ganin ya kamata labaran waɗanda suka karye su sami kaso daidai da na waɗanda suka ci nasara, kuma a sa ɗalibai su rubuta labaran 'yan kasuwar garinsu, domin su ne littattafan waje ba su kawo ba.

Na uku shi ne aiki da ɗan kasuwa na gaske. Gasar da Google ya fara a 2008 ta nuna yadda ake yi: a lokacin ana ba rukunin ɗalibai dala 200 su yi wa wani ƙaramin kamfani talla na makonni uku, su kawo rahoton abin da kuɗin ya haifar. Ana iya yin irin wannan da mai turare ko mai kilishi ko mai ɗinki, amma kar a tsaya a talla. Rukunin ya bi kowace oda har ta isa, ya rubuta kwana nawa ta yi a hanya, wa ya biya kuɗin mota, me ya sa wadda ta dawo ta dawo.

Na huɗu shi ne doka da zamba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara sunaye da lambobin abokan ciniki, kuma manaja na bukatar sanin alat na bogi da shagon bogi kafin su same shi.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa kwas ɗin da aka gina a kan na'ura ko dandalin da ke tashe yana tsufa tare da su, kamar yadda ya faru da shirye-shiryen 1999, yayin da lissafin kai kaya da batun yarda suka bayyana a Amurka da Sin da Nijeriya iri ɗaya. Ana ba sassan koyon kasuwanci shawarar su ba kwas ɗin malamai biyu, ɗaya daga talla ɗaya daga sarrafa kaya, su ware babban kaso na maki ga aikin fili, su kuma adana rahotannin ɗalibai shekara bayan shekara. Waɗannan rahotanni za su ba masu bincike na gaba alƙaluman cinikin WhatsApp da tashoshin mota a Kano da Kaduna da Maraɗi, waɗanda za a iya rubuta littafin koyarwa na gida da su.