Haƙori da Busa: Daga Illo Zuwa Paris

Duk wanda ya tsaya kusa da mai algaita ranar sallah a Illo ko Ka'oje, a ƙaramar hukumar Bagudo, kumatun da suka kumbura zai fara gani. Abin da ke cikin bakin kuwa ɓoye yake. Ɗan harshen karan da ke ba da sauti yana shigewa baki gaba ɗaya, leɓɓa su jingina da wani ƙaramin faifai, haƙora ba su da aiki. Shi ya sa giɓi ba ya raba tsohon mabushi da sana'arsa.

Mai busa kilarinet, wadda ta shigo mana ta hannun makaɗan soja da na 'yan sanda a zamanin mulkin mallaka, bai samu wannan sauƙi ba. Haƙoransa na sama suna kan bakin abin busar, leɓensa na ƙasa kuma yana naɗe a kan haƙoran ƙasa. In yaro ne da aka sa wa ƙarfen gyaran haƙora, ƙarfen ya yanki leɓe. In dattijo ne mai haƙoran roba, su riƙa motsi.

Ba haka aka faro ba. Wajen shekarar 1700 aka ƙera kilarinet a Nuremberg ta Jamus, aikin da ake jingina wa Johann Christoph Denner. Fiye da ƙarni guda mabusa da yawa suna juya harshen karan sama, suna lulluɓe haƙora da leɓɓa. A 1831 makarantar kiɗa ta Paris ta koma ga salon Jamusawa na juya shi ƙasa. Sautin ya ƙara daidaita, amma sannu a hankali nauyin ya koma kan haƙori. Bakin katako ya riƙa cinyewa da cizo, har aka koma yin sa da roba mai tauri. Sauran dabarun duk faci ne: 'yar roba da ake mannawa inda haƙoran sama ke sauka, da takardar naɗa sigari da ake ninkewa a rufe na ƙasa, da kakin da likitan haƙori ke bayarwa a shafe ƙarfe. Takardar sigari a bakin ƙwararren mabushi, a ganina, shaida ce cewa maƙeran sun bar aiki a baya.

Yankin nan ma yana da tasa kilarinet ɗin, ta karan dawa, wadda ake tsaga harshenta a jikin karan kansa: Hausawa na ce mata damalgo, Dandawan Benin na ce mata papo. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar Bargu, Illo ta faɗo wannan ɓangare, Nikki ta faɗa wancan, amma karan da ake busawa bayan girbi iri ɗaya ne a gefen biyu. A kaikaice ake riƙe shi, a rufe harshen da baki, ba a ciza.