Ɗaya Bisa Goma: Tarihin Wata Kalmar Ingilishi da Yunwar 2005 a Ƙasar Maraɗi

Malamin da ke koyar da Ingilishi a Agiye, Gazawa ko Gidan Rumji yakan ci karo da kalmar *decimate* a rubuce-rubucen da suka shafi yaƙi, annoba ko bala'in gona. Idan ɗalibi ya tambaye shi ma'anarta, amsar da ta fi zuwa baki ita ce halakarwa, ko yin kaca-kaca da abu har ya zama ba shi da sauran mamora. Amsar ba kuskure ba ce, domin haka masu harshen suke amfani da ita a yau. Haka nan takwararta ta Faransanci, *décimer*, wadda 'yan makarantar Nijar suka fi sabawa da ita. Sai dai kalmar tana da tsohuwar ma'ana wadda ta sha bamban da wannan, kuma akwai wata shekara a tarihin jihar Maraɗi da bambancin ma'anonin biyu ya shafi rayukan dubban yara.

Asalin kalmar daga Latinanci ne, harshen Romawan dauri, inda *decem* ke nufin goma. A rundunar Roma akwai wani horo mai tsanani da ake yi wa sojojin da suka gudu daga fagen fama ko suka yi tawaye. Akan kasa su goma-goma, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa sai 'yan uwansa tara su kashe shi da hannunsu. Marubucin tarihi Plutarch ya ba da labarin yadda Crassus ya zartar da wannan hukunci a lokacin yaƙin da Roma ta yi da bayin da Spartacus ya jagoranta, wanda ya ƙare a shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa: cikin mutum 500 aka kashe 50. Da kalmar ta shiga Ingilishi ta riƙe wannan lissafi na wani lokaci. A 1655 gwamnatin Oliver Cromwell ta aza wa magoya bayan sarautar Ingila harajin kashi goma cikin ɗari, aka kuma kira harajin da sunan da ya fito daga wannan tushe. Manomin Agiye ba baƙon wannan lissafi ba ne, domin da kaka yakan ware dami ɗaya cikin goma na zakka. A tsohuwar ma'anar, abin da kalmar ke nufi ke nan: a ɗauke ɗaya, a bar tara.

Sannu a hankali lissafin ya sulale daga cikin kalmar, firgicin ya zauna. Yau idan ɗan jarida ya ce annoba ta yi wa garke wannan aiki, mai karatu ba ya tunanin saniya ɗaya cikin goma, yana ganin gawarwaki ne ko'ina. Masu tsananta wa nahawu a Ingila da Amurka sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan sauyi, amma ƙamusai sun amince da shi, don harshe na masu magana da shi ne.

A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a sassa da dama na Nijar, farin dango kuma suka sauko daga hamada suka faɗa wa gonaki da makiyaya. Da labarin yunwa ya game duniya a shekarar da ta biyo, bayanin da aka fi yaɗawa gajere ne: fari da fara sun halaka amfanin gona. Kalmar nan da 'yan uwanta masu nuna hallaka su suka cika rahotannin Ingilishi. A arewacin Tilaberi, Tawa, Damagaram da yankin Dakwaro maganar tana da gaskiya, domin akwai ƙauyukan da suka tashi kusan hannu wofi, makiyaya kuma suka rasa ciyawa, dabbobinsu suka yi ta mutuwa. Amma da aka haɗa lissafin ƙasa baki ɗaya, hatsin 2004 ya gaza matsakaicin shekaru biyar da suka gabata da kimanin kashi 11 cikin 100 ne, giɓin da aka bayyana kuma ya kai tan 223,000 da 'yan kai. Wato abin da ya auku ya dace da tsohuwar ma'anar kalmar kusan daidai wa daida, alhali mai karanta jarida a London sabuwar ma'anar yake ji.

Abin da ya ƙara rikita lissafi shi ne wurin da bala'in ya fi tsanani. Kudancin Maraɗi, inda gundumomin Gidan Rumji, Madarunfa da Agiye suke, shi ake yi wa kirari da rumbun Nijar. A lokacin Gazawa tana cikin gundumar Agiye, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Fara ba su yi wa wannan yanki ɓarnar da suka yi wa arewa ba, ga shi kuma daga nan ne aka fi kai yara masu tamowa cibiyoyin jinya. Ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar cikin 2005, mafi yawansu a jihar Maraɗi. A lokacin da iyaye mata ke layi da 'ya'yansu a goye, akwai gero a kasuwanni. Kuɗin sayensa ne babu.

Dalilan da suka kawo haka sun girmi fara. Jama'a sun yi yawa a kudancin Maraɗi, gonaki sun tsattsage ta hanyar gado har magidanci da yawa ba ya noma abin da zai kai shi wata shida. Da kaka yakan sayar da hatsinsa da araha don biyan bashin da ya ci da damina, da bazara kuma ya koma ya saye shi tiya-tiya da tsada. Kasuwar Maraɗi kuwa a ɗaure take da ta Jibiya, Katsina da Dawanau ta Kano. A wannan shekara hatsi ya yi tsada a arewacin Nijeriya, ƙasashe maƙwabta kuma suka taƙaita fitar da shi, saboda haka hanyar da Nijar ta saba cike giɓinta ta toshe. Buhun gero mai kilo 100, wanda akan samu a kan jika goma da kaka, ya doshi jika talatin a wasu kasuwanni cikin watan Yuli, yayin da farashin awaki da tumaki ya faɗi. Akuyar da mace kan sayar ta ciyar da gida ba ta ƙara sayen abin kirki ba. Asibiti kuma sai da kuɗi. A farkon shekarar ma an faɗaɗa harajin kashi 19 cikin 100 a kan wasu kayan masarufi, abin da ya jawo zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Maris.

Kalma tana da tasiri a kan maganin da ake nema. Wanda ya ɗauka fara ce ta cinye abinci zai duba taswirar inda fara ta sauka, ya kai agaji can. Hukumomin da ke sa ido a kan abinci sun fi auna yawan abin da aka girbe, shi ya sa gundumomin da suka yi noma ba su shiga sahun gaba da wuri ba. Matakin farko da aka ɗauka shi ne sayar da hatsi a farashi mai rahusa, wanda ba ya amfanar wanda ba shi da ko dala. Sai da BBC ta nuna hotunan da Hilary Andersson ta aiko daga Maraɗi a watan Yuli sannan taimako ya kwararo, aka fara rabon abinci kyauta a watan Agusta. A watan ne kuma Shugaba Mamadu Tanja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasarsa, gardama ta koma kan wace kalma ta dace da halin da ake ciki, yunwa ko ƙarancin abinci. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya riga ya nuna tun 1981, da misalin yunwar Bengal ta 1943, cewa mutane kan mutu da yunwa a ƙasar da abinci bai ƙare ba, muddin hanyar samunsa ta kuɓuce musu. Littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka tattara a 2007, *Niger 2005, une catastrophe si naturelle*, ya bi wannan sawu a kan Nijar.

Hausawa suna da nasu salon kiran bala'i. Ba su cika gamsuwa da kalma ɗaya ta kowa da kowa ba, kowace yunwa sukan raɗa mata suna. Ta 1913 zuwa 1914 ana tuna ta da Ƙaƙalaba. Ta 1984 zuwa 1985 kuwa mutanen Nijar sun kira ta El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi. Fari ne ya ƙone gonaki a wannan shekara, amma talaka ya zaɓi sunan da ke nuna inda hanyar hatsi ta yanke. Abin da manazarta suka rubuta a littattafai daga baya, mutanen karkara sun riga sun sa shi cikin suna.

Bayan 2005 an ɗauki wasu matakai da suka nuna an fahimci inda ciwon yake. A 2006 gwamnati ta yanke shawarar jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. A 2007 aka raba wa ƙananan yara kimanin 62,000 abincin kariya daga tamowa a gundumar Gidan Rumji, tun kafin su kwanta. A ƙauyukan Agiye an kafa bankunan hatsi da mata ke kula da su, don magidanci ya ranci gero da damina ya zauna ya nome gonarsa.

Ga malami da mai fassara, aikin ya rage a aji da kan takarda. Idan kalmar ta zo a rubutu, ya kamata ɗalibi ya san ma'anarta ta yau, ya san kuma ta jiya, sannan ya tambaya nawa aka rasa cikin goma, kuma taran da suka rage a hannun wa suke. Hausa ta bambanta amfanin gona ya ragu, ya lalace, da ya gagari talaka, kuma a ƙasar Maraɗi cikin 2005 na ukun ne ya kai yara asibiti.