Tarihin Sunan Baƙin Ƙudan Gurara da Abin da Ya Shafi Manhajar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin damina a ƙasar Kwali, musamman a ƙauyukan da ke kusa da kogin Gurara ko na Usuma, ya san wani ɗan ƙanƙanin baƙin ƙuda mai doro, wanda tsawonsa bai kai na ƙwayar shinkafa ba. Da rana yake cizo, a gona ko a bakin ruwa, kuma ya fi auka wa ƙafafu. Shi ne ke yaɗa tsutsar da ke haddasa ciwon nan na makantar kogi. A littattafan kimiyya ana kiran sa Simulium damnosum. Fiye da shekara 60 masana suna ɗaukar cewa wannan suna na halitta guda ne, sai daga baya ta bayyana cewa ƙudaje ne daban-daban suka taru a ƙarƙashinsa.

A wannan maƙala za mu bi diddigin yadda aka gano haka, da irin rawar da ƙasar nan ta taka a ciki. Dalilinmu shi ne, masu tsara manhaja da masu rubuta littattafan Hausa na makaranta suna yawan cin karo da sunayen kimiyya, kuma akan ɗauke su tamkar abin da aka sassaƙa a dutse. Tarihin wannan ƙuda ya nuna ba haka abin yake ba.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu daidaita kalmomi biyu. Tun daga bugu na 10 na littafin Systema Naturae na Carl Linnaeus, wanda ya fito a 1758, ake ba kowace dabba suna mai kalma biyu. Kalmar farko ita ce ta babban gidan da dabbar ta fito, kuma a nan za mu kira shi "dangi". Ta biyun ita ke keɓe dabbar daga 'yan'uwanta, wato waɗanda ba sa haɗa zuriya da ita, kuma za mu kira wannan "nau'i". Ke nan Simulium dangi ne, damnosum kuwa nau'i.

Yadda aka raɗa sunan

Wani Bafaranshe mai suna Latreille ne ya kafa dangin Simulium a 1802. Shi kuwa nau'in da muke magana a kai, wani Bature ɗan Ingila masanin sauro, F. V. Theobald, shi ya raɗa masa suna a 1903, bayan ya duba samfuran da aka aiko daga Yuganda. Ma'anar damnosum a Latinanci ita ce mai ɓarna. Azabar cizonsa kawai aka sani a lokacin. Sai a 1926 Donald Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa tsutsar Onchocerca volvulus tana girma a jikin wannan ƙuda kafin ya zuba ta a jikin mutum. Daga nan sunan ya tashi daga na ɗakin ajiyar ƙwari ya koma na likitoci.

A tsakanin waɗannan shekaru an yi wani abu da ya kamata a lura da shi. A 1921 wani Bajamushe, Günther Enderlein, ya bayyana wani ƙuda da ya kira squamosum, ya kuma kafa sabon dangi mai suna Edwardsellum. Waɗanda suka biyo bayansa ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba, don haka suka mayar da squamosum cikin damnosum, a matsayin suna na biyu na abu ɗaya. Ba za a ga laifinsu ba. Abin da suke da shi na aiki shi ne madubin ƙara girma da siffar jiki: launin ƙafa, gashin fiffike, da surar abin da ƙwaron ke numfashi da shi kafin ya fito daga kwansonsa. A waɗannan duka, ƙudajen kamar an tsaga kara suke.

Gwajin Abuja

A shekarun 1950 ƙasar Kwali tana ƙarƙashin masarautar Abuja, wadda hedikwatarta ita ce garin da ake kira Suleja a yau, zamanin Sarki Sulaimanu Barau. Mutane da yawa sun san waɗannan shekaru ne ta dalilin cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Ƙalilan ne suka san cewa a daidai lokacin ana gudanar da wani aikin a kogunan masarautar, wanda shi ma ya shiga littattafan duniya.

Wani masanin ƙwari mai suna Roger Crosskey ya zagaya Jihar Arewa yana tantance wuraren da ƙudan ke hayayyafa. Macen takan yi ƙwai ne a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, 'ya'yan kuma su maƙale a jikin duwatsu da ganyayen da ruwa ke kaɗawa, suna tace abinci daga ruwan. Ƙasar Abuja mai duwatsu da gangare ta dace da wannan ƙwarai. Don haka aka zaɓe ta domin gwaji: shin za a iya kashe ƙudan a ƙaramin yanki alhali yana nan birjik a kewaye? An yi shekarar 1955 ana ƙidayar ƙudajen da ke sauka a jikin masu kamu, sa'an nan daga 1956 aka fara zuba maganin DDT a koguna, a yankin da ya haura murabba'in kilomita 3,000. Crosskey ya fara aikin, J. B. Davies ya ci gaba da shi, kuma an buga sakamakon a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1962 da 1968.

Ƙudan ya ragu matuƙa, amma bai ƙare ba, cutar ma ba ta gushe ba. Dalili ɗaya shi ne babbar tsutsar takan rayu fiye da shekara 10 a cikin ƙulluttukan da take yi a ƙarƙashin fata, tana ta haihuwa. Wani dalilin kuma shi ne ƙudaje suna shigowa daga wajen yankin. Abin da muke so a lura da shi a nan shi ne, duk rahotannin wannan aiki suna magana ne a kan damnosum a matsayin abu guda. Mai kamu ya kama ƙuda a Gurara da farkon damina, ya kama wani da kaka, a rubuta su a layi ɗaya. Babu hanyar da za a bi a lokacin a tambaya ko na farkon haifaffen kogin ne, ko kuwa baƙo ne da iska ta kawo.

Tsagewar suna

Likitoci ne suka fara ganin alamar akwai lauje cikin naɗi. F. H. Budden, likitan ido da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya nuna cewa makanta ta fi tsanani a ƙasashen fili na arewa, alhali a kurmi cutar na nan da yawa amma ba ta cika makantarwa ba. A 1966 B. O. L. Duke da abokan aikinsa a Kamaru suka gano cewa tsutsar kurmi ba ta girma sosai a jikin ƙudan fili, haka ita ma ta fili a jikin ƙudan kurmi. In da ƙuda ɗaya ne, me zai kawo haka?

Amsar ta fito daga inda ba a zata ba, wato daga jakar yawun ɗan tsutsar ƙudan, wadda yake saƙa zaren maƙalewa da ita. A cikinta akwai manya-manyan zaruruwan gado da ake kira kuromosom, kuma idan aka rina su sai a ga ratsi-ratsi a jere kamar na saƙi. A wasu ƙudajen, wani yanki na ratsin yakan juya, farkonsa ya koma ƙarshe. Idan aka sami rukuni biyu a kogi ɗaya, kowane da nasa jerin ratsi, kuma ba a taɓa samun ɗan da ya haɗa jerin biyu ba, to an tabbata ba sa barbara da juna ke nan. Nau'i biyu ne, ko da ido bai raba su ba. Da wannan dabara R. W. Dunbar na ƙasar Kanada ya sanar a 1966 cewa damnosum na Yuganda nau'i huɗu ne.

Babban aikin da ya shafi Afirka ta Yamma ya fito a 1975, kuma sunan ɗan Nijeriya ne a gaba: C. G. Vajime, tare da Dunbar. Vajime ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya zama shugaban Jami'ar Jihar Binuwai. Sun bayyana nau'i takwas. Ɗaya ya riƙe tsohon sunan damnosum. Shida aka raɗa musu sababbin sunaye, akasari daga wuraren da aka samo su: sirbanum daga kogin Sirba da ke zuba a Kwara a cikin Jamhuriyar Nijar, soubrense daga Soubré ta Kwaddibuwa, sanctipauli da yahense daga kogunan Laberiya, sai dieguerense da sudanense. Na takwas ɗin shi ne squamosum na Enderlein, wanda aka tono bayan an daɗe da binne shi. Shi kuwa Edwardsellum an bar shi a matsayin ƙaramin reshe a cikin dangin Simulium. Rabon 1975 ma bai tsaya cak ba, domin daga baya masana da yawa sun haɗe sudanense da sirbanum, kuma a faɗin Afirka an bayyana rukunoni fiye da 50 a ƙarƙashin tsohon sunan, wasu da cikakken suna, wasu da laƙabin wurin da aka same su kawai.

Wani zai ce wannan duk gardamar malamai ce. Amma a 1974 aka ƙaddamar da gagarumin shirin yaƙi da makantar kogi a ƙasashe bakwai na Afirka ta Yamma, har da Nijar, ban da Nijeriya, inda jirage masu saukar ungulu ke zuba magani a koguna mako-mako. Ba a jima ba aka ga ƙudaje na sake bayyana da farkon damina a wuraren da aka share. Sanin nau'o'in ne ya nuna cewa damnosum na ainihi da sirbanum, wato na ƙasashen fili masu ɗauke da tsutsar da ta fi makantarwa, suna biyo iskar damina daga nisan ɗaruruwan kilomita. Wannan na daga cikin dalilan faɗaɗa shirin zuwa ƙasashe 11. Haka kuma a 1980, da maganin temefos ya daina tasiri a kogin Bandama na Kwaddibuwa, an gano cewa ƙudajen kurmi na ɓangaren soubrense da sanctipauli ne suka fara jure masa, sai aka san kogunan da za a sauya wa magani. Tambayar da masu aikin Abuja ba su da hanyar yi, ita ce ta zama ginshiƙin wannan shiri. Daga 1987, da kamfanin Merck ya fara bayar da maganin Mectizan kyauta, yaƙin ya karkata ga tsutsar kanta, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta rabu da cutar.

Ba baƙin ƙuda kaɗai ya ga irin wannan ba. Sauron Anopheles gambiae mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro shi ma an raba shi, kuma an ga alamar hakan lokacin da aka haɗa sauron Ambursa ta kusa da Birnin Kabi da na Ikko, 'ya'yansu maza suka kasa haihuwa. Har a 2013 an raɗa wa wani reshensa sabon suna, coluzzii.

Abin da ya shafi manhaja

Matsalar farko ta kalma ce. A rubuce-rubucen Hausa mukan ga "iri" da "jinsi" da "nau'i" da "dangi" ana musanya su yadda aka ga dama. A hira babu laifi. Amma ɗalibin da aka koya wa cewa sirbanum wani "iri" ne na damnosum, shi kuma damnosum wani "iri" ne na ƙuda, ba zai gane cewa matakai ne daban ba. Mun kauce wa "jinsi" da gangan, domin malaman Hausa sun riga sun keɓe ta ga namiji da mace a darasin nahawu, kuma yaro ɗaya ne zai zauna a ajin biyu. Ba mu ce zaɓinmu ne kaɗai daidai ba. Abin da muke nema shi ne a tsayar da kalma ɗaya ga kowane mataki, daga firamare har sakandare. Ga ƙudajen da ido ba ya rabawa muna ba da shawarar "nau'o'i masu kama da juna", shi kuma taronsu a ce "gungu".

Ta biyu ita ce sunayen Latinanci. Ra'ayinmu shi ne a bar su yadda suke, kada a hausantar da rubutunsu, tun da amfaninsu shi ne ɗalibin Kwali da na Yamai da na Landan su san abu guda suke nufi. Amma a rubuta sunan gida a gefensu. A nan akwai aikin da ba a yi ba tukuna a yawancin makarantunmu: Gbagyi da Bassa da Ganagana da Fulanin da ke zaune a bakin waɗannan koguna kowa na da yadda yake kiran ƙwarin da ke damun sa. Malami na iya sa ɗalibai su tambayo iyaye da kakanni, a jera sunayen a allo, a ga inda wani harshe ya raba abin da wani ya haɗe.

Dangane da littafin karatu kuwa, jimlar da ke cewa damnosum shi ne ƙudan da ke kawo makantar kogi ta tsufa tun 1975. Ya kamata a gyara ta ta koma cewa gungun nau'o'i ne masu kama da juna, a ambaci biyu ko uku da ake samu a Nijeriya, kamar sirbanum da squamosum da damnosum na ainihi, a kuma sa shekarar da aka raba su da sunan Vajime. Makarantun da ke kusa da Gurara ko Usuma na iya ƙarawa da ziyarar bakin kogi tare da ma'aikacin lafiya, inda za a ciro ganyen da ruwa ke kaɗawa a nuna wa yara 'ya'yan ƙudan a maƙale a jikinsa.