Dalar 1804: Tsabar da Ta Ɓoye Shekarunta

Masu tara tsofaffin kuɗi a Amurka suna yi wa dalar azurfa mai ɗauke da shekarar 1804 kirari da sarkin tsabobin ƙasarsu. Sai dai babu ko ɗaya daga cikin irinta da aka buga a wannan shekara.

A 1834 gwamnatin shugaba Andrew Jackson ta ƙudurta aika kyauta ga Sarkin Siyam, wato Tailan ta yau, da kuma Sultan Sa'id na Maskat, domin ƙarfafa yarjejeniyar ciniki. Aka umarci gidan buga kuɗi na Filadelfiya da ya haɗa samfurin tsabobin ƙasar a cikin akwati. Ma'aikata suka duba kundi, suka tarar an fitar da dala 19,570 a 1804, daga nan aka dakata. Bisa ga dukkan alamu, ba su ankara cewa da hatiman shekarun baya aka buga waɗancan ba. Sai suka sassaƙa sabon hatimi, suka sa masa 1804. Mu da kakanninmu suka san liyari ba za mu yi mamaki ba, domin shi ma 1780 yake ɗauke da ita, ko yaushe aka buga shi.

Bugun kuwa ya bambanta da na kuɗin kasuwa. Akan goge hatimi da faifan azurfar har su yi sheƙi, a buga fiye da sau ɗaya, sannan a ɗauke tsabar a hankali don kada ta gogi 'yar'uwarta. Filinta yakan fito kamar madubi, taurari da silin gashin hoton su bayyana sarai. A wurin masu tarawa wannan sheƙi shi ne ran tsabar. Wanda ya sa tsumma ya share ta ya bar mata siraran zane da ba sa gyaruwa, kuma farashinta ya faɗi ke nan.

Jakada Edmund Roberts ya miƙa akwatin Maskat a 1835, na Siyam a 1836. Guda takwas aka sani daga wannan bugu na farko, ban da waɗanda wasu ma'aikata suka sake bugawa a ɓoye wajen 1858 don su sayar. An daɗe ana gardama kan asalinsu, har sai da dillali David Spink na Landan ya fito da akwatin Siyam a 1962. Tsabar Sultan, wadda ta fi sauran tsira da sheƙinta, an yi gwanjonta a 1999 kan dala miliyan 4.14, a 2021 kuma kan miliyan 7.68.